Idon Gwaggo Kande Ba Sikeli Ba Ne

Takarda ta fito daga hannun Dije dillaliya ta Ƙofar Galadima, wadda kike kira Yaya, zuwa ga 'yar Iya, matar Malam Umaru akawun reluwe. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa jirgi ya sauke ku Gusau lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon ruwa, ya sa ki buɗe akwatin nan da hannunki kina cikin ƙoshin lafiya, amin.

Bayan haka, kada ki yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin ƙullin daddawa. Ke 'yar fari ce. Tun ranar da Iya, uwata, ta ɗauke ki yaye ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da ke ba, in kin shigo ɗaki sai in tuna ina da aiki a madafi. Haka aka yi mini, haka na yi miki, mutane kuma suka yaba. To ita takarda ba ta jin kunyar kowa. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, na shiga ne don in riƙa karanta tambarin atamfa, kada 'yan Sabon Gari su ci gaba da sayar mini da 'yar Japan da sunan 'yar Ingila. Ashe ga ranar amfaninsa tana tafe. Ki karanta da kanki, ke ma kin taɓa elementare. Inda rubutun ya karkace ki miƙe shi da hankalinki.

Zan fara da yabo, kada a ce 'yar kasuwa ba ta san girman surukai ba. Allah ya yi wa gwaggon mijinki, Gwaggo Kande, baiwar da bai yi wa Nasara ba. Ki duba wahalar da Baturen auduga yake sha kafin ya san nauyin buhu ɗaya: sai an kafa ƙarfe, an rataya ƙugiya, ƙarti biyu sun ɗaga, akawu ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan a rubuta. Ita Gwaggo duk ba ta bukatar wannan. Shekaranjiya da ta zo a yi bankwana, ko takalmi ba ta gama tuɓewa ba, daga bakin ƙofa ta hango ki kina tankaɗe, ta tofar da tabar bakinta ta ce, "Kai, kai, kai! Wannan ɗa ya ƙoshi. Namiji ne, kuma kan ubansa ya ɗauko. In ba a rage mata tuwo ba, ranar nan sai an fasa bango."

Matan gida suka kwashe da shewa. Iya ta ce, "Kande, ke dai ba ki kuskure."

Ta ce, "Ni? Ai tun ciki yana wata uku nake faɗin abin da ke cikinsa."

Ni ina ɗaki ina jera langa, ina ta mamakin ikon Allah. Don idon nan na san shi. Ɗaya, yanar ido ta rufe shi tun kafin a haife ki. Ɗayan kuwa, bara na sayar masa da zanen da gara ta ci gefensa, na naɗe wajen ciki, ta juya shi a rana ta juya, ta ce ba ta taɓa ganin mai kyansa ba. Har yau da shi take zuwa biki. Idon da bai ga huji a zane ba, shi ne ya ratsa zanenki, ya ratsa fata, ya ratsa ruwa, ya auna mini jika har ya gano kan ubansa.

Kin ji dokokin da ta kafa, amma bari in maimaita miki su a rubuce, ko kya ga kamanninsu da rana. Ba ƙwai, wai ɗa zai yi sata. Ba nono, ba nama mai maiƙo, wai zai yi ƙiba. Ba rake, ba zuma, ba alewa, wai zaƙi zai taru ya toshe hanya. Tuwo rabin malmala. Kullum safe jiƙon maganin zaƙi, wanda ita za ta haɗa. Daka safe da yamma don ɗa ya gangaro. A ɗaure ciki tamau da ɗamara kada ya sami wurin miƙewa. Jakin Kano da za a yi wa haka, mai shi sai ya kai ƙara gun alƙali.

Kuma ita ce za ta bi ku Gusau. Ciki na fari, ko'ina a birnin nan gidan iyaye ake zuwa goyon ciki, amma ta ce hanya ta yi nisa, ita ta isa. Na tura wa ubanki magana ya sa baki. Ya ce wannan zancen mata ne, ya ɗauki butarsa. Ni kuwa ina da bakin da zai sayar wa makaho madubi, amma a gaban surukar 'yar fari sai ya zama na ado. Na raka ta har zaure, na ce ta gaida gida. Tun ranar nake jin haushin kaina, shi ya sa na zauna rubutu.

Bari in gaya miki abin da idon tsofaffi ya yi mini, da abin da ni na yi wa kaina, don ba duka laifinsu ba ne.

Da ina da cikinki, ɓoye shi na yi har ya ƙi ɓoyuwa. Da aka kawo ni gida, tsofaffin unguwa suka zo dubiya, kowace ta ɗan leƙa ta ce, "Wannan ai ɗan ƙunshi ne. Ɗan mitsitsi za ta haifa, zai sulɓe kamar sabulu." Cikin bai fito gaba ba, kin kwanta can ta baya. Na ji daɗi, na yarda. Ranar da naƙuda ta kama ni da hantsi, na shiga ɗaki na durƙusa na ciji gefen zane, don an gaya mini 'yar mutunci ba a jin muryarta. Iya tana tsakar gida tana tsintar wake, tana yi kamar ba ta sani ba, ita ma kunyar ce. Rana ta faɗi, ta fito, ta kama hanyar faɗuwa kuma, ina nan. Sai da na faɗi na ture tulu aka shigo. Ungozoma ta duba ta ce gishiri ne ya tare hanya, wato wata tsoka da su kaɗai suke ganinta, ta aika a karɓo aska gun wanzami. Ta yanka. Ke dai kin fito daga baya, da ikon Allah ba da ikon aska ba, ƙatuwa, kanki a murɗe kamar tulun da aka matse yana ɗanye. Jinin da na zubar sai da aka canja ƙasar ɗakin.

Kin san abin da aka riƙa faɗa ranar suna? "Dije jaruma ce, ko tari ba a ji ba." Masu cewa ɗan mitsitsi ne suna zaune suna cin tuwon suna, ba wadda ta ce ta yi kuskure. Ɗaya ma cewa ta yi, "Ai na faɗa." Ni kuma na ɗauki yabon nan na rataya a wuya shekara da shekaru kamar murjani.

To ki ji. In naƙuda ta zo, ki buɗe baki. Ki kira mutane, ki kira mijinki, ki kira maƙwabta, a ji ki har tasha. Jarumtar da ba ta haifar da komai sai canjin ƙasar ɗaki, ki bar wa masu so. Kuma kowa ya zo miki da aska, ko da carbi a ɗaya hannun, ki ce ba ki yarda ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan, kuma shi ne wanda ake shirin sa ki a ciki.

Da na sami ciki bayan an yaye ki, tsoro ya kama ni. Ba wanda ya tsare ni da sanda. Ni da ƙafata na je gun tsofaffin na ce a gaya mini yadda zan yi kada a maimaita. Suka karanta mini abin da Gwaggo ta karanta miki, kalma ba ta canja ba, ka ce gado ne. Na bi, har na ƙara nawa. Ƙwai na daina kallonsa. Tuwo sai in gutsura in ture. Jiƙon nan mai ɗaci na sha shi har ya zama hanyar bayan gida ta fi hanyar ɗakina santsi. Na yi daka, na yi surfe, har na maƙwabta nake karɓa. Zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa, in rufa da bargo in tashi in koma turmi. Tafin hannuna ya yi fari kamar na mai cuɗa alli. In na ɗebo ruwa daga rijiya sai na dafa bango na huta. Amma cikin, da yake ni na rame, sai ya yi tsini ya fito gaba. Tsofaffi suka duba suka ce, "Har yanzu da saura, a ƙara ragewa." Na ƙara.

Ya zo watansa bai cika ba. Namiji. Ban ko gama durƙusawa ba ya faɗo. Ni da nake ɗaga mudun gero in gaya miki an tauye shi ko ba a tauye ba, da aka ɗora mini shi a hannu, mudu bai kai ba. Kukansa kamar na ɗan kyanwa a bayan rumbu. Bai iya kama nono ba, sai a matsa a cokali a ɗiga masa. Aka naɗe shi cikin auduga. Matan suka shigo barka, wata ta dafa ni ta ce, "Kin ga amfanin magani ko? Wannan karon ko gumi ba ki yi ba."

Ubanki ya yi masa huɗuba a kunne, amma sunan bai fita zaure ba. Bai kai bakwai ba. Ragon sunan ya zauna a turke yana cin dusa har Layya, kullum ina wuce shi in na fita. Da aka yanka ban ci ba, na ce haƙori ke damuna.

Aka ce kwanansa ne ya ƙare. Na yarda, kowa da kwanansa. Amma wanda ya hana gona taki ya hana ta ruwa, in ta ƙi yi ba ya buɗe baki ya ce ƙaddara shi kaɗai, sai ya haɗa da sunansa. Ni ce na auna wa yaron nan abinci da tauyayyen mudu tun bai ga duniya ba. Na saya wa kaina sauƙin yini guda da shi. A kasuwa ban taɓa yin cinikin da na faɗi irin wannan ba, kuma masu ba ni shawara ba wadda ta yi asarar ko loma.

Saboda haka ki ci. Ki ci wake, ki ci ƙwai, ki sha nono, ki ci hanta in ta samu, ki ci zogale da rama da gyaɗa. 'Ya'yan sarakuna uwayensu ƙwai suke ci, ɓarayin da ake kamawa a kasuwa kuwa yawancinsu uwayensu ko ɓawonsa ba su gani ba. A cikin akwatin nan, ƙarƙashin zannuwa, akwai kilishi da ƙuli-ƙuli da dakuwa. Ba tsaraba ba ce, kada ki raba. Akwai gidan sauro sabo, ki ɗaura shi tun daren farko, don zazzaɓin nan yana shan jinin uwa, ɗa kuma ya tsumbure. Turmi ki rage shi. In an ce ki ɗaure ciki, ki ɗaura zane yadda numfashi zai wuce.

Na uku, kada ki ɗauka tsofaffi kaɗai nake zagi. Ni ma na yi sana'ar. Dillaliya tana shiga gidan da namiji ba ya shiga, kuma duk gidan da ta shiga sai an ce, "Dije, dubi cikin wance, me kika gani?" Wa zai ce bai sani ba alhali yana son a kwance masa kaya? Sai in karkata kai, in ɗan runtse ido, in faɗi abin da zai sa a saya. Akwai Hanne, matar wani maɗinkin manyan riguna a Kwarbai. Cikinta ya yi girma, ƙafa ta cika, fuska ta cika, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Na ce, "Tagwaye ne, ko tantama babu. Mijinki ya iya kiwo." Uwar mijin ta rangaɗa guɗa. Na sayar musu da majanyi biyu, hula biyu, komai biyu. Yarinyar ta ce mini a hankali, "Baba Dije, kaina ke sarawa, kuma ina ganin wasu taurari-taurari." Na ce ai nauyin mutum biyu ne, ta sha jiƙo.

Ina gidan wata rana da hantsi, Hanne ta faɗi tana jijjiga, ta datse harshe. Aka ce iska ce, aka kawo garwashi aka turara mata hayaƙi, mijin yana zaure yana cewa matarsa ba ta fita. Sai da wansa ya zo ya daka masa tsawa aka ɗora ta a amalanke har Ƙofar Doka, daga nan wani direban lorin gyaɗa ya taimaka ya kai ta asibiti. Na bi su, don ba ni da fuskar komawa gida. Allah ya yi da sauran kwananta. Aka ciro 'ya ɗaya tak, ƙarama, ta rayu da ƙyar. Sauran tagwayen nawa duk ruwa ne da kumburi. Majanyi na biyu har yanzu in na shiga gidan ina ganinsa, sun mai da shi abin rufe ƙullu.

Tun ranar, in aka ce in duba ciki, sai in ce ni zane nake sayarwa. Ke kuma, duk wanda ya faɗa miki abin da ke cikinki, ki fara tambayar kanki me yake sayarwa. Wata majanyi take sayarwa, wata jiƙo, wata kuwa girmanta take sayarwa, kada a ce an yi haihuwa a dangi ba da saninta ba. Kuma in kika ga ƙafa ko fuska ta kumbura, ko kai yana sarawa, ko ido yana yin duhu, ko kika ga jini, ko motsin da kika saba ji ya ɗauke, ba ƙiba ba ce, ba iska ba ce, ba abin jira gari ya waye a yi shawara ba ne. Asibiti.

Da Hanne ta sake samun ciki, ni na riƙa raka ta awo, don mijin ya ce sai da babbar mace. Na zauna na sa ido irin na mai sayen kaya, ina neman inda algus yake. Ba zan ce miki wurin aljanna ne ba. Za a shanya ku a benci har rana ta take, wata ma'aikaciyar za ta yi miki magana kamar ita ta ba da sadakinki, Hausar wasunsu kuma sai kin tace. Amma ga abin da na gani. Malamar awon, mace ce, takan kwantar da mai ciki ta sa hannu biyu ta lalubo inda kai yake, inda baya yake. Ta auna tudun cikin daga mara zuwa sama, da yatsu da igiyar awo irin ta tela. Ta kafa wani ɗan ƙaho ta sa kunne ta ji bugun zuciyar ɗan. A hau sikeli. A ja fatar ido a ga ko akwai jini. A ɗaura wani abu a dantse a hura. Har fitsari sai an karɓa an dafa shi a 'yar kwalba. Sannan a tambayi watan da aka ga wanki na ƙarshe, don haka ki riƙe lissafin watanninki, kada ki ce kunya.

Da ta gama na matsa na ce, "Malama, to laba nawa ne a ciki?"

Ta ce, "Mama, ban sani ba."

Na ce, "Duk wannan lalube?"

Ta yi dariya ta ce, "Kintace nake yi. Ina ganin matsakaici ne, amma ina iya kuskurewa sama ko ƙasa. Ki dawo da ita wata mai zuwa in ga ko ya ƙaru. Ƙaruwar nake bi."

Na daɗe a kasuwa, kuma na san abu ɗaya: mai kayan da ya ce miki "wannan ban tabbata ba," shi ake komawa wurinsa. Ta bayyana mini abin da ni ya kamata in riga ta sani. Buhun auduga da buhun gero girmansu ɗaya a ido, sai an ɗaga. Ciki ma haka: wani ruwa ne ya yi yawa, wani kitsen uwa ne, wani ɗan ne ya gicciye, doguwa takan ɓoye nata, gajeriya nata ya yi gaba. Ta ce kuma ba nauyin kaɗai ba ne abin dubawa, a ga ko kan zai shiga ƙugun uwar in lokaci ya yi. Da Hanne ta haihu aka ɗora ɗan a sikeli, ya ɗan ɗara abin da malamar ta zata. Na tsokane ta. Ta ce, "Ai na gaya miki." Ita kam ta gaya mini.

Kada ki ji na ce babban ɗa ba ya kisa. Yana yi, ni shaida ce, ke ce shaidar. Kuma ke gajeriya ce irina, ƙugunmu ɗaya. Mai yiwuwa ma Gwaggo ta dace, don mai yawan harbi a duhu wata rana yakan sami wani abu. To in ta dace fa? Yunwa ba ta rage ƙashin kai. Abin da take ragewa shi ne ƙarfin da za ki yi nishi da shi da jinin da za ki tashi da shi. In da gaske babba ne, wurin da za a sani tun da wuri a yi shiri, nan ya kamata a same ki, ba a ƙuryar ɗaki da tsohuwa da aska ba.

Yanzu ga yadda za ki bi da su, don gaskiya tsirara ba ta sayuwa, sai an naɗe ta.

Gwaggo kada ki yi musu da ita ko sau ɗaya. "To, Gwaggo." "Allah ya ƙara girma, Gwaggo." In ta miƙo jiƙo ki karɓa da hannu biyu ki ce sai ya huce, in ta juya baya ki shayar da gindin bishiya. Ki riƙa saya mata goro da taba. Ki tambaye ta labarin zamanin da, tana ba ki kina tauna ƙuli-ƙuli a zuci, in ta yi barcin rana ki tauna na gaske.

Malam Umaru yaron kirki ne, amma ita ta goya shi, a gabanta ba shi da baki, kamar yadda ni ba ni da shi a gabanki. Kada ki roƙe shi zuwa awo tana wurin. Ki bari ya ci ya ƙoshi ya wanke hannu. Kada ki ce kina jin tsoro, zai ce ki yi addu'a. Ki ce kin ji matan sauran akawuna duk suna zuwa, kina gudun kada a ce matar Malam Umaru ce kaɗai ba a kai ba. Namiji mai sa agogo ba ya jure wannan. In ya ce namiji zai gan ki, ki ce mace ke yi, ya je ya tambaya. In ya ce Gwaggo fa, ki ce a tafi da ita a duba mata idon. Sannan tun yanzu, tun kina iya magana da murmushi, ki sa ya yi miki alkawari: in rana ta fito ta same ki a durƙushe, ta kuma nemi faɗuwa ba ki sauka ba, ba zai tsaya neman izinin kowa ba. Ya san direban da zai kira, ya san ƙofar gidansa. Mutumin da yake sallamar jirgi a kan lokaci ya iya wannan.

In kin sauka ki sa a ɗora abin da kika haifa a sikeli, ki rubuto mini laba nawa, ina da mutanen da zan karanta wa. In kin zo wanka gida, kada ki tsammaci zan yi miki zancen nan. Zan hura wutar ruwa, in dama kunun kanwa, in miƙa wa Iya ta ba ki.

Iya tana gaishe ki, tana ta kuka tun jiya, wai wa zai riƙa tsefe mata kai. Ubanki ya ce Allah ya yi miki albarka. Ki gaida Malam Umaru, ki gaida Gwaggo da kyau, ki ce ina tambayar zanenta. Allah ya tsare ki a baƙon gari, ya haɗa ki da maƙwabtan arziki. Allah ya raba ku lafiya, ya ba ki mai albarka, mace ko namiji, ya sa ki ji kukansa da ƙarfi ya ji ɗumin jikinki. Allah ya dawo mini da ke da ƙafarki, goyo a baya. Amin. Wassalam.

Af, har na naɗe na tuna. Jiya na gamu da Gwaggo a bakin kasuwa, ta riƙe hannuna ta ce in kwantar da hankalina, wai shekarunta nawa tana wannan aiki, cikin duk matan da ta auna ta rage wa tuwo, waɗanda abin ya zo musu da gardama ba wadda ta taɓa dawowa ta ce mata awon bai yi daidai ba. Na ce haka ne, Gwaggo. To ke da kika yi makaranta, daga ina za su dawo?